KUnit ko kselftest: da wanne za ka gwada gyaran da ka yi wa kanel ɗin Linux?

Duk wanda ya sauko da kod ɗin kanel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke tsakanin manhajoji da injin kwamfuta, ya leƙa foldar tools/testing zai tarar da hanyoyin gwaji biyu zaune kusa da juna, kunit da selftests. Dukansu 'yan gida ne, dukansu ana karɓar faci (gyaran kod da ake aikawa) a kansu, sakamakon da suke fitarwa ma kamanninsa ɗaya ne, layi-layi na "ok" da "not ok". Wannan ne ya sa ɗaliban kwamfuta da yawa a nan Bauchi, daga masu aikin kammala karatu a Yelwa da Gubi har zuwa na Gwallameji, suke ɗauka cewa zaɓin na ra'ayi ne, wanda ya kwanta maka shi za ka ɗauka. Ba haka abin yake ba. Bambancinsu yana ga inda mai gwajin yake tsaye. KUnit a cikin kanel yake zaune, yana kiran fankshin kai tsaye. Shi kuwa kselftest daga waje yake, yana magana da kanel ta mashigar da kowace manhaja take bi.

Bakanike idan ya kwance altaneta ya ɗora ta a benci ya sa mita, KUnit ke nan. Idan ya mayar da ita cikin mota ya hau hanyar Ningi don ya ga ko fitilar caji za ta kama, kselftest ke nan.

kselftest ne babba a shekaru, kuma Shuah Khan ce ta daɗe tana kula da shi. KUnit ya shigo ne a Linux 5.5, wanda ya fito a watan Janairun 2020. Brendan Higgins na Google ne ya assasa shi, David Gow kuma yana cikin masu riƙe da shi. Kafin zuwansa, mai son gwada fankshin guda a cikin kanel sai dai ya rubuta modul na musamman ya loda, ya karanta saƙonnin kanel a dmesg da ido. Kowa da irin tasa dabarar.

Bari mu fara da KUnit, domin a ganina nan ne ya kamata mafi yawanmu mu fara. Kana tsaye a tushen kod ɗin kanel sai ka buga ./tools/testing/kunit/kunit.py run. Wannan umarni guda zai shirya saituna, ya gina kanel a cikin wata folda mai suna .kunit, ya tayar da shi, ya gudanar da gwaje-gwajen, ya kashe shi, sannan ya jera maka sakamako. Sirrin yana ga UML, wato nau'in Linux da Jeff Dike ya ƙirƙiro wanda ake gina kanel ɗin a matsayin manhaja ta yau da kullum, ta yi aiki a kan Linux ɗin da kake kai kamar yadda burauza take yi. Ba sai ka zama root, mai cikakken iko a kan kwamfutar, ba, ba sai ka sake kunna kwamfuta ba. Idan gwajinka ya taɓo adireshin da babu shi kanel ya faɗi, wannan 'yar manhajar ce kawai ta mutu, kwamfutarka ko gezau. Ginin farko zai ci 'yan mintuna, domin kanel ɗin ƙarami ne, abin da ka lissafa a fayil ɗin .kunitconfig kaɗai ake sa masa. Daga nan kuma, idan fayil ɗaya ka taɓa, kafin ka kurɓi ruwa sakamako ya fito.

kselftest ba ya gina maka kanel, ba ya tayar da shi. Tarin manhajoji ne, mafi yawansu da C ko rubutun shel aka yi su, wasu da Python, an kasa su folda-folda: timers, net, mm, bpf, seccomp, futex, cgroup da sauransu. Umarni irin make TARGETS=timers kselftest zai gina na foldar da ka ambata ya gudanar da su, amma a kan kanel ɗin da kwamfutar take kai a wannan lokacin. A nan ne sababbin shiga suke yawan faɗawa rami. Mutum ya gyara kod, ya gudanar da kselftest, ya ga komai "ok", ya yi hamdala, alhali kanel ɗin Ubuntu da ya zo da kwamfutarsa ya gwada, gyaransa yana nan kwance a faifai ba a ko taɓa shi ba. Dole ne ka gina kanel ɗinka cikakke, ka tayar da shi a kan inji na gaske ko a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, sannan ka gudanar da gwajin a ciki. Kafin ka yarda da kowane sakamako, buga uname -r ka ga wane kanel ne ya amsa.

Zancen ya fi fitowa fili idan aka ɗauki misali. A ce wata ɗaliba tana rubuta direba na wani ƙaramin allo mai auna batirin sola, irin aikin da ake yawan zaɓa yanzu da kowane gida yake neman infata. Na'urar aunawar tana ba da lamba daga 0 zuwa 4095, inda 4095 yake nufin volt 60. Linux kuma yana son direbobin batir su bayyana ƙarfin lantarki da maikrovolt a fayil ɗin voltage_now da ke ƙarƙashin /sys/class/power_supply. Sai ta rubuta ɗan fankshin: a ninka lambar da 60,000,000, a raba da 4095, ta ajiye komai a cikin unsigned long. Gwajin KUnit ɗinsa bai wuce haka ba:

static void gwada_volt_12(struct kunit *gwaji)
{
	KUNIT_EXPECT_EQ(gwaji, batir_zuwa_uv(819), 12000000UL);
}

Lamba 819 ita ce ɗaya bisa biyar na 4095, don haka amsar volt 12 ce cif. Za ta ƙara wasu layukan na 0 da 1 da 4095, ta jera su da KUNIT_CASE a cikin struct kunit_suite, ta yi masa rajista da kunit_test_suite, shi ke nan. Lura da abin da ba ta buƙata: ba allo, ba batir, ba waya, ba ta ma jira rana ta fito. Tana iya ba fankshin ɗin lambar da batir na gaske ba zai taɓa bayarwa ba sai ranar da wani abu ya ƙone. Wannan iko na tura kod cikin lungun da ba a cika shiga ba shi ne babban abin da KUnit ya fi kselftest da shi. Haka ma'aikatan ext4 suka yi a fayil ɗin fs/ext4/inode-test.c, inda suke gwada yadda ake fassara lokacin fayil a shekaru irin su 1901 da 2038 da 2446 ba tare da sun taɓa agogon kwamfuta ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Gwajin nan zai wuce lafiya lau a kan UML, domin laftof ɗinta mai bit 64 ce, unsigned long kuma a can bit 64 ne. Allon da za a sa direban kuwa ARM ne mai bit 32, inda unsigned long ba ya ɗaukar abin da ya haura 4,294,967,295. Da zarar lambar na'ura ta kai 72, ninkin ya cika ya zube. A 819 ninkin gaskiya shi ne 49,140,000,000, amma abin da zai saura a cikin bit 32 shi ne 1,895,359,744, idan aka raba kuma a samu 462,847. Batir mai volt 12 zai nuna bai kai rabin volt ba, infata ta ɗauke a banza, mai gida ya tafi Wunti neman sabon batir.

Laifin ba na KUnit ba ne, na wurin da aka gudanar da shi ne. Idan ta ƙara --arch=i386 a kan umarnin, kunit.py zai bar UML ya gina kanel mai bit 32 ya tayar da shi cikin QEMU, kuma nan take layin zai koma "not ok", tare da lambar da aka sa ran gani da wadda aka samu. Idan tana son ARM ɗin kansa sai ta sa --arch=arm da --cross_compile=arm-linux-gnueabihf- bayan ta girka kamfaila ɗin da ya dace. Har a wajen gyaran ma akwai wani tarkon: idan ta mayar da lissafin u64 ta raba da alamar rabawa ta yau da kullum, ginin bit 32 kan ƙi haɗuwa, domin kanel ba ya ɗauke da fankshin ɗin da kamfaila yake kira don raba lamba mai bit 64 a irin waɗannan injuna. Sai ta yi amfani da div_u64. Shawarata ga duk mai aiki da KUnit ita ce ya yi ta maimaita gwaji da UML yayin da yake rubutu saboda saurinsa, amma kada ya ce ya gama sai ya gudanar ko sau ɗaya ne a kan bit 32 da kuma irin injin da kod ɗin zai zauna.

Yanzu a ce lissafin ya gyaru. Shin fayil ɗin voltage_now ya bayyana a inda ya kamata? Manhajar da ba root ba tana iya karanta shi? Abin da ke ciki lamba ce zalla ko an haɗa da tarkace? KUnit ba shi da ta cewa a nan, domin bai taɓa fita waje ya buɗe fayil ɗin kamar yadda manhajar mai amfani za ta yi ba. Wannan aikin kselftest ne, kuma har da foldar power_supply a cikin selftests da ke duba irin waɗannan fayiloli. Sai dai shi ma iyakarsa a bayyane take: abin da batirin ya bayar a wannan lokacin shi zai karanta, ba zai iya tilasta wa na'urar ta ce 4095 ba.

Takardun kanel ɗin kansu sun yanke hukunci a kan wani ɓangare na wannan muhawara, inda suka ce duk sabon kiran tsari (system call, hanyar da manhaja ke neman aiki daga kanel) da aka ƙara ya zo da gwajin kselftest. Dalilin a fili yake. Babbar dokar Linus Torvalds tun da daɗewa ita ce kada gyaran kanel ya karya manhajojin mutane. Fankshin na ciki ana iya canza masa suna gobe, a raba shi biyu, a goge shi, sai a gyara gwajin KUnit ɗinsa a cikin faci ɗaya. Amma kiran tsari, da fayilolin /proc da /sys, da ioctl, alƙawari ne da aka yi wa duniya. Gwajin kselftest shi ne mai tsaron wannan alƙawari, shi ya sa yake daɗewa yana aiki ko da an sake fasalin cikin kanel gaba ɗaya.

Kowannensu yana da nasa ciwon kai wajen rubutu. Na KUnit shi ne fankshin masu static, waɗanda ba a ganinsu daga wani fayil, kuma su ne mafi yawa a direbobi. Mafita biyu ake bi: ko dai a jawo fayil ɗin gwajin da #include a ƙarshen fayil ɗin direban, ko a yi amfani da VISIBLE_IF_KUNIT da EXPORT_SYMBOL_IF_KUNIT don a buɗe fankshin ɗin a lokacin gwaji kawai. Wanda ya fi wannan wuya shi ne kod ɗin da ya cakuɗa lissafi da taɓa na'ura a fankshin guda. Irinsa ba ya gwaduwa sai an raba shi, ko a maye gurbin ɓangaren na'urar da na bogi ta hanyar kunit_activate_static_stub. Wani ɗalibi ya taɓa ce mini, "Malam, to ai wannan sai na sake rubuta direban gaba ɗaya." Na ce masa ƙwarai kuwa, kuma direban da zai fito zai fi na farko sauƙin karantawa ga malamin da zai duba aikin. A kula kuma da bambancin KUNIT_EXPECT da KUNIT_ASSERT: na farko yana rubuta kuskure ya ci gaba, na biyu yana tsayar da gwajin nan take. Bayan ka nemi ma'adana (memory) da kunit_kzalloc, na biyun za ka sa, don kada layi na gaba ya taɓa abin da babu. Ita kuwa ma'adanar KUnit zai saki da kansa idan gwajin ya ƙare.

Rubuta kselftest ya fi saba wa hannu, tunda C ce ta yau da kullum, akwai printf, akwai gdb, ga kuma kselftest_harness.h da ke ba ka TEST da FIXTURE da EXPECT_EQ. Wahalarsa a gudanarwa take. Gwaje-gwaje da yawa sai da root. Kowace folda tana da fayil ɗin config mai lissafa saitunan da take buƙata, idan kuma kanel ɗinka ba shi da su, gwajin zai fita da lamba 4, wadda ke nufin an tsallake, layin ya fito da "ok" da SKIP a gefensa. Mai gaggawa zai ga "ok" ya wuce. Umarnin make kselftest-merge yana zuba waɗannan saituna a cikin .config ɗinka. Akwai kuma wa'adin daƙiƙa 45 da ake ba kowane gwaji idan ba a canza shi a fayil ɗin settings ba, kuma a kan tsohuwar laftof da ke gudanar da QEMU ba tare da KVM mai ƙara masa sauri ba, gwaji mai lafiya yana iya faɗuwa don lokaci ya ƙure masa kawai. Wasu gwaje-gwajen ma suna cire kwakwalwar sarrafawa ko ma'adana daga aiki su mayar, ko su birkita saitin sadarwa. Kada ka gudanar da duka a matsayin root a kan kwamfutar da aikin digirinka yake ciki. Idan QEMU ya yi maka wuyar saitawa, virtme-ng na Andrea Righi yana tayar da kanel ɗin da ka gina a kan fayilolin kwamfutarka ba tare da ka shirya wani faifai daban ba.

Sai maganar da takardun Turai ba sa yi, wato wuta da data da zafi. Gina kanel da saitunan Ubuntu ko Fedora cikakku a kan laftof mai kwakwalwa biyu ko huɗu aikin awanni ne, fanka tana ihu, kuma a watan Maris ko Afrilu na Bauchi injin da kansa zai rage gudu don kada ya ƙone. Idan batirin laftof ɗin ya gaji, ɗauke wuta sau ɗaya ya isa ya katse aikin. make zai ci gaba daga inda ya tsaya, amma yinin ya tafi. make localmodconfig yana rage nauyin sosai, tunda modul ɗin da ke aiki a kwamfutarka kawai zai bari. Duk da haka bai kama ƙafar ƙanƙantar ginin KUnit ba, wanda caji ɗaya yake isa a yi ta zagayen gyara da gwadawa. Ta fuskar data kuwa kuɗinsu ɗaya, domin kod ɗaya suke buƙata. Cikakken tarihin git gigabait da yawa ne, amma git clone --depth 1 ko dunƙulen fayil na kernel.org bai kai ko kusa ba, kuma mutum ɗaya zai iya saukowa da shi ya raba wa 'yan ajinsu a filashi. A dunƙule za a raba, kuma a warware shi a kan faifan Linux. Akwai fayiloli irin xt_MARK.h da xt_mark.h da babban baƙi da ƙarami ne kawai ya raba su, Windows kuma yana ɗaukarsu abu ɗaya, sai ɗaya ya danne ɗaya.

Wani abin da ke tayar wa mutane hankali idan suna haɗa hanyoyin biyu a folda ɗaya: bayan ka gina kanel a tushen kod ɗin don kselftest, kunit.py zai ƙi tashi, ya ce wurin ba shi da tsabta, ka buga make ARCH=um mrproper. Kafin ka bi umarninsa ka sani mrproper yana goge .config, wato saitunan da ka ɓata dare kana zaɓa. Kwafe shi gefe tukuna. Mafi alheri ma, tun farko ka riƙa gina babban kanel ɗin da O= zuwa wata folda daban.

Akwai kurakuran da duka biyun ba sa gani da kansu. Rubutu a wajen iyakar ma'adana, ko amfani da ita bayan an sake ta, na iya wucewa gwaji ya ce "ok". Maganinsu kunna KASAN a cikin saituna, sai lockdep don rikicin makullai, kmemleak kuma don ma'adanar da aka manta ba a saki ba. Waɗannan ba kishiyoyin KUnit ko kselftest ba ne, tare ake kunna su, gwajin ya bi ta kan kod ɗin su kuma su kama ɓarnar. Wasu kayan gwajin irin su LTP da syzkaller ma suna nan, amma a wajen bishiyar kanel suke, kuma ba nan mai farawa zai sa ƙafa ba.

To wanne za ka ɗauka? Tambayi kanka ko manhajar da ke waje tana iya ganin abin da ka canza. Idan lissafi ne, ko fassara bayanai, ko jeri da bishiyoyin bayanai, ko hanyar da kod yake bi idan ma'adana ta ƙare, KUnit. Idan kiran tsari ne, ko fayil a /sys, ko halin sadarwa tsakanin manhajoji biyu, ko izinin wa zai iya yin me, kselftest, kuma ba makawa. Direba na gaske kamar na batirin nan yakan buƙaci duka biyun, sai dai ba a rana ɗaya ba. Wanda kuma bai da wani gyara a hannu, koyo kawai yake so, ko yana hararar shirin horarwa na Linux Foundation ko Outreachy, ni KUnit zan tura shi. Ya karanta lib/kunit/kunit-example-test.c, ya lalata layi ɗaya da gangan ya ga yadda faɗuwa take kama, sannan ya nemi wani ƙaramin fankshin a foldar lib da ba a rubuta masa gwaji ba. Masu kula da kanel sukan yi maraba da irin wannan faci, tunda ba ya canza halin komai.

Idan za ka aika, sa wa fayil ɗin suna mai ƙarewa da _kunit.c, saitinsa a Kconfig ya ƙare da _KUNIT_TEST kuma ya bi KUNIT_ALL_TESTS, don injunan gwaji na wasu su ɗauke shi da kansu. Ka bi ta scripts/checkpatch.pl, ka nemo waɗanda za ka aika wa da scripts/get_maintainer.pl, kuma a cikin bayanin facin ka rubuta ainihin umarnin da ka gudanar da nau'in injin da ka gwada a kai, har da na bit 32 ɗin.